Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Waiwaye Kan Horar da Malaman Sana'a a Nijeriya

A bayan ɗakin ajiyar makarantar sakandaren da na yi, akwai wasu manyan akwatunan katako guda uku da gara ta cinye gindinsu. A kansu muke zama mu ci gyaɗa idan an tashi tara. Sai da na kai aji biyar wani dattijon maigadi ya shaida mini cewa injinan sassaƙa da na yankan ƙarfe ne a ciki, kuma tun da aka sauke su babu wanda ya taɓa tayar da ko ɗaya. Wannan magana ce ta sa na bi sawun tarihi, domin in gano yadda aka yi kayan aiki suka riga mai koyar da su isowa.

Koyar da sana'a a makarantar boko ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Makarantar da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'o'in hannu, inda gwanayen gari suke koyar da dukanci da ƙira da sassaƙa. A can malamin ne ya fara zuwa, da gwanintarsa a hannunsa, sannan ɗalibi ya biyo baya.

Ita kuwa ba wa ɗalibai shawara kan zaɓen aiki, daga Ibadan ta faro. A 1959 wasu mata masu hidimar cocin Katolika a Kwalejin St. Theresa suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban, suka yi wa 'yan ajin ƙarshe bayanin ayyukansu. Daga nan aka kafa majalisar ba da shawara kan ayyuka ta Ibadan, wadda daga baya ta zama ta ƙasa baki ɗaya, tana shirya wa malamai tarukan ƙara wa juna sani. Sai dai yawancin waɗanda aka ɗora wa wannan nauyi malaman aji ne da aka ƙara wa kaya a kan kaya.

Babban sauyi ya biyo bayan taron manhaja na ƙasa da aka yi a Legas a 1969, wanda ya haifi Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 da tsarin 6-3-3-4. Niyyar tana da kyau: a shekaru uku na ƙaramar sakandare yaro ya ɗanɗana aikin katako da ƙarfe da lantarki, mai ba da shawara ya lura da inda hannunsa ya fi faɗawa, ta yadda wanda ba zai zarce ba zai fita da abin dogaro. Da aka fara aiwatarwa a 1982, gwamnati ta sayo injina daga ƙasashen Gabashin Turai, irin su Bulgeriya da Hungari, aka rarraba wa makarantu. Da yawansu ba su da lantarki, ba su da ɗakin aiki, uwa uba ba su da malamin da ya san yadda ake harhaɗa injin.

Ba za a ce an naɗe hannu ba. Akwai kwalejin malaman fasaha ta Akoka tun 1967, aka buɗe ta Gombe a 1977, sannan na Bichi da Gusau da Potiskum suka biyo baya a ƙarshen shekarun 1980. An kuma tura malamai Amurka ƙaro ilimi. Amma injin cikin 'yan watanni jirgin ruwa ke kawo shi, malami kuwa sai ya shekara uku a kwaleji. Kafin a yaye isassu, farashin mai ya faɗi, tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo, wasu daga cikin waɗanda aka horar suka bar alli suka koma masana'antu.

Abin takaici, mun maimaita. A 2011 aka shigo da darussan sana'a 34 a babbar sakandare, aka wajabta wa kowane ɗalibi ɗaya. A ajinmu, malamin lissafi aka ba kiwon kifi. Mutum ne mai ƙwazo da tsoron Allah, ya rubuta mana darasin tsaf a allo, muka haddace, muka ci jarrabawa, alhali daga shi har mu babu wanda ya taɓa ciyar da tarwaɗa ko ɗaya.

Ban ga laifinsa ba. An miƙa masa manhaja ne ba tare da an ba shi ko mako guda a gonar kifi ba. Duk shirin da za a sake kawowa, a fara da malami: a horar da shi kafin a buga manhaja, a riƙa tura shi wurin masu sana'ar lokacin hutu, a kuma buɗe wa gwanayen gari ƙofar aji kamar yadda aka yi a Nasarawa. Bara na koma tsohuwar makarantarmu karɓo takarda, na tarar da akwatunan nan suna nan, wasu yaran ne yanzu ke zaune a kansu.