Wa Ke Auna Lafiyar Ɗan Ƙwadagon Kadawa?

Yau sai mu leƙa gonakin rani na Kura da Bunkure.

Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya wadata a wannan yanki. Shinkafa, alkama da tumatir suka samu gindin zama. Sai dai ruwan da ya kawo arziki shi ya zaunar da sauro rani da damina, ya kuma raya ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da ƙwayar tsargiya. Mai ban-ruwa yana tsaye cikin magudana, ƙwayar ta huda fata ta shige, sai daga baya ya ga jini a fitsari. Ga mai feshi, wanda sau da yawa tsumma kawai yake ɗaurawa a hanci.

Ciwon da sana'a ke jawowa ba sabon zance ba ne. Tun 1700 wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya shawarci likitoci su riƙa tambayar majinyaci sana'arsa. Yau manyan kamfanoni kan auna jini da sugan ma'aikatansu. Mu ma a Nijeriya muna da dokar masana'antu ta 1987 da ta diyyar ma'aikata ta 2010.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, duk waɗannan mai albashi suka fi sani. Ɗan ƙwadagon dashen shinkafa kuɗin yini ake ba shi, babu takarda, babu rajista. Gwajin fitsari ba shi da wuya, maganin tsargiya ma akwai shi, amma rabonsa ya fi karkata ga 'yan makaranta. Shi kuwa a lokacin yana gona, ruwa har ƙauri.