NIRR-1

NIRR-1 na'urar binciken nukiliya ce da ke Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Ita ce irinta ta farko a Najeriya. A ƙasar Sin aka ƙera ta, ta fara aiki ranar 3 ga Fabrairu, 2004, da ƙarfin kilowat 30.

Ba ta samar da lantarki. Akan sanya samfurin ƙasa, dutse ko abinci a cikinta, ƙwayoyin niyutron su buge shi, sai ya riƙa fitar da hasken gamma. Daga ƙarfin wannan haske ake gane sinadaran da samfurin ya ƙunsa.

A 2018 aka sauya mata makamashi zuwa yuraniyom mai ƙarancin tacewa, aka mayar da tsohon makamashin zuwa ƙasar Sin.