Daga gidan gajiyayyu zuwa tsakiyar gari: tarihin mazaunin tsofaffi a Faransa (1443-2020)

1. Gabatarwa

Ina tsoho zai zauna idan ƙarfinsa ya ƙare, kuma babu mai ɗaukar nauyinsa a gida? Fiye da shekara 500 ke nan hukumomin Faransa, na addini da na sarauta da na jamhuriya, suna amsa wannan tambaya da dutse da siminti. A cikin wannan takarda za mu bi gine-ginen da suka yi tun daga 1443 har zuwa 2020, muna duban abu uku a kowane zamani: wurin da aka kafa ginin a cikin gari, yawan mutanen da aka tara a ciki, da wanda ke da iko da ƙofa. Mun zaɓi Faransa ne saboda yawancin ƙa'idojin tsara birni da ma'aikatunmu suka gada daga can tushensu yake. Ranar da aka ce za a gina wa tsofaffi gida a Yamai ko a Maraɗi, can masu zane za su fara leƙawa. Ra'ayinmu shi ne cuɗanyar tsoho da jama'a ta dogara ga waɗannan abubuwa uku fiye da yadda ta dogara ga kyan gini ko yawan kuɗin da aka zuba.

2. Gidan sadaka a bakin kasuwa

A shekara ta 1443 Nicolas Rolin, wazirin sarkin Bourgogne, tare da matarsa Guigone de Salins, suka kafa Hôtel-Dieu na garin Beaune domin matalauta marasa lafiya. A lokacin ba a ware tsoho daban. Shi da majinyaci da gurgu duk suna ɗaya gare su, wato gajiyayyu. An gina gidan a cikin ganuwa, daura da rumfunan kasuwa. Babban ɗakin kwana ya kai tsawon mita 50, gadaje jere a jikin bango biyu, a ƙarshensa kuma wurin ibada, yadda wanda ba ya iya tashi zai bi addu'a daga kwance.

Ba za mu ce zaman wannan ɗaki daɗi ne da shi ba, domin babu sirri ko kaɗan. Amma gidan na gari ne. Mai zuwa kasuwa ta ƙofarsa yake wucewa, attajirai suna ba shi gonakin inabi sadaka, da amfaninsu ake ciyar da na ciki. Gajiyayye yana gaban idon wanda ke ciyar da shi. An ci gaba da jinya a wurin har 1971.

3. Zamanin tsarewa

Al'amari ya juya a 1656, da sarki Louis na 14 ya ba da umarnin kafa Hôpital général na Paris. Manufar ita ce a kawar da mabarata daga tituna. Aka tara mata a Salpêtrière, can gefen gari, maza kuma a Bicêtre, kudu da birnin. A 1662 aka ce kowane babban gari ya yi nasa. Michel Foucault, a littafinsa na 1961 kan tarihin hauka, ya kira wannan mataki babbar tsarewa. Tsohon da ba shi da kowa sai ya tarar da kansa gida ɗaya da mahaukaci da ɗan kaso, ƙofa kuwa tana hannun mai gadi.

Ƙarni na 19 ya kawo rarrabewa. Dokar 7 ga Agusta 1851 ta bambanta hôpital, inda ake jinyar wanda ake sa ran warkewarsa, da hospice, inda ake ajiye tsofaffi da naƙasassu. Sai dai a daidai lokacin da ake sake tsara titunan Paris, aka riƙa fitar da waɗannan gidaje bayan gari: na Petits-Ménages ya koma Issy a 1863, na Incurables ya koma Ivry a 1869 da gado wajen 2,000. A 1887 aka buɗe gidan Nanterre, wanda ke ƙarƙashin hukumar ƴan sanda. Hujjar da ake bayarwa ita ce iska mai kyau da fili mai araha. Sakamakon kuwa, ɗan da ke aikin yini a cikin birni ba ya iya leƙa uwarsa sai ran hutu. A ciki ana sa tufafi iri ɗaya, ana cin abinci da ƙararrawa, maza da mata a rabe, fita sai da izini.

Dokar 14 ga Yuli 1905 ta wajabta wa hukuma taimakon duk wanda ya kai shekara 70 ba shi da abin hannu. Bisa takarda, a gidansa ya kamata a taimake shi, sai in ya gagara a kai shi hospice. Amma ɗan kuɗin da ake bayarwa bai taka kara ya karya ba, saboda haka manyan ɗakunan kwana suka ci gaba da cika.

4. Gyaran ɗaki ba tare da gyaran wuri ba

A 1962 kwamitin da Pierre Laroque ya shugabanta ya miƙa rahotonsa kan matsalolin tsufa. Babbar shawararsa ita ce a bar tsoho a cikin jama'a, a unguwarsa, a kai masa taimako har gida. Daga nan gidajen da a lokacin ake kira logements-foyers suka yawaita: kowa da ɗan sashensa da mabuɗinsa, ga ɗakin cin abinci na tarayya ga mai so. A 1970 Simone de Beauvoir ta fitar da littafinta kan tsufa, inda ta bayyana halin da ake ciki a gidajen gajiyayyu, kuma dokar 30 ga Yuni 1975 ta ba da wa'adin shekara 10 a kawar da su. An yi ta ƙara wa'adin; aikin ya ci fiye da shekara 20.

Abin da aka gina a madadinsu shi ne ya fi jan hankalinmu. Domin a yi sauri, gwamnati ta fitar da zane guda da ake maimaitawa ko'ina, wanda aka sani da V120 da V240, gwargwadon yawan gadaje. An rushe babban ɗakin kwana, an yi ƙananan ɗakuna a jere a kan dogon lungu, da ruwan famfo da ɗumama ɗaki. Ta fuskar tsabta da mutunci ci gaba ne babu shakka. Amma siffar asibiti aka ba ginin, kuma sau da yawa a harabar asibiti ko a gefen gari aka kafa shi. A tsohon ɗaki tsoho yana ganin mutane ko ba ya so. A sabon kuwa yana iya yini bai ga kowa ba sai mai kawo magani. An gyara ɗaki, an bar wuri da yawa da ƙofa yadda suke.

5. Komawa ga ƙaramin gida

Gyaran farko na gaskiya daga ƙasa ya taso. A 1977 Georges Caussanel ya buɗe wani ɗan sashe a Rueil-Malmaison domin masu gigin tsufa, ya sa masa suna cantou, kalmar mutanen kudancin Faransa mai nufin gindin murhu. Mutum goma sha biyu ko kusa da haka, ɗakunansu kewaye da babban ɗaki guda inda ake girki a gabansu. Mai iya feraye dankali ya feraye, mai iya share tebur ya share. Uwar gida ce ke kula da su maimakon ma'aikaciyar jinya, iyalai kuma suna shiga lokacin da suka ga dama, har da su ake shawarar tafiyar da gidan.

A tsakiyar shekarun 1980 asusun taimakon manoma na Faransa ya ɗauki wannan tunani zuwa karkara da gidajen MARPA. An ƙayyade mazauna kada su wuce ashirin da ƴan kai, an yi ginin a ƙasa ba bene, an kafa shi a cikin ƙauye kusa da kanti da gidan burodi. Kowane sashe yana da ƙofa biyu, ɗaya tana kallon ɗakin tarayya, ɗaya tana fita waje. Wannan ƙofa ta biyu ƙaramin abu ce a zane, amma ita ke mayar wa tsoho ikon karɓar baƙonsa da fita yawonsa ba tare da ya bi ta gaban kowa ba.

Duk da haka, mafi yawan tsofaffi masu bukatar kulawa manyan gidaje aka ci gaba da kai su, waɗanda tun wajen 2002 ake kira EHPAD; sun haura 7,000, da gado wajen 600,000.

6. Darasin 2003 da abin da ya biyo baya

A watan Agusta 2003 tsananin zafi ya kashe mutum wajen 15,000 a Faransa, akasarinsu tsofaffi. Waɗansu a gidajen kulawa suka mutu, waɗansu su kaɗai a ɗakunansu na saman bene, ba wanda ya ƙwanƙwasa musu ƙofa. Nan aka gane cewa zama a tsakiyar birni ma ba ya hana kaɗaici, in babu wanda ke da dalilin shigowa. Daga baya aka wajabta wa kowane gidan tsofaffi ɗaki mai sanyi, aka kuma sa ma'aikatun magajin gari su riƙe sunayen masu zaman kaɗaici.

Gine-ginen da suka yi suna a wannan zamani duk wannan dalilin shigowa suke nema. A Saint-Apollinaire, kusa da Dijon, an buɗe wata ƴar unguwa a 2002 mai gida 76, rabi na tsofaffi, rabi na ma'aurata masu ƙananan yara, aka sa gidan renon yara da wurin cin abincin ƴan makaranta a cikinta. Duk mai shiga sai ya sa hannu a takardar alkawarin maƙwabtaka. A Montreuil, Thérèse Clerc da abokanta sun yi shekaru suna fafutuka kafin a buɗe gidan Babayagas a 2013: sashe 21 na tsofaffin mata masu tafiyar da gidansu da kansu, 4 na matasa, kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da kasuwa.

A Dax kuma, a watan Yuni 2020, aka buɗe ƙauyen masu cutar Alzheimer, bisa koyi da wani irinsa na Holan da aka buɗe a 2009. Mutum 120 ne a gida 16, an raba su unguwa huɗu a fili mai hekta 5, da dandali a tsakiya irin na tsofaffin garuruwan yankin. Akwai kanti, da wurin aski, da gidan abinci, da ɗakin karatu, da zauren taro da aka yi domin mutanen gari ma su shigo. Sai dai ƙauyen a killace yake, kuma kuɗin gininsa ya kusa yuro miliyan 30. Ƙauye ne da aka ƙirƙira domin a maye gurbin wanda aka raba tsoho da shi. Kuma a watan Maris na 2020, saboda annobar korona, an rufe ƙofofin gidajen tsofaffi na ƙasar baki ɗaya, an hana iyalai ziyara makonni. Ikon ƙofa, ashe, bai gama barin hannun hukuma ba.

7. Zaure da dakali

In muka auna gidan Bahaushe na gargajiya da ma'auni ukun nan, za mu ga abin da Faransa ta yi shekara 60 tana nema. A Birnin Damagaram maigida in ya tsufa zaure ne mazauninsa, ko dakalin ƙofar gida: yana cikin gidansa, yana kuma kan hanya. Mai wucewa dole ya gaishe shi, masallacin unguwa taku kaɗan ne, a nan ake kawo masa ƙara da shawarar aure. Tsohuwa kuwa ɗakinta yana buɗe ga tsakar gida, jikoki a nan suke kwana, kuma da yake shekaru sun ɗauke mata kulle, ita ce mai kai saƙo, mai zuwa barka da gaisuwar mutuwa, wani lokaci ungozoma. Kowannensu yana da aikin da ke jawo mutane wurinsa.

Ba mu ce wannan tsari ba shi da waɗanda ya bari a baya ba. Tsohuwar da ba ta haihu ba, da tsohon da ƴaƴansa suka tafi bida ba su komo ba, tun da can bara ce makomar da yawansu. Kuma tsarin gari yana sakewa. Tun bayan ambaliyar 1945, da aka tayar da Maraɗi daga bakin gulbi aka maido ta kan tudu bisa tituna miƙaƙƙu, filin da hukuma ta yanka ya zama ma'aunin gida. A sababbin unguwanni na Yamai da Tawa da Damagaram, ƙofar ƙarfe da wurin ajiye mota sun ci wurin zaure, masu haya kuma ɗaki biyu gare su, babu na kaka. Waɗanda suka haura shekara 60 ba su wuce kashi 4 ko 5 cikin 100 na ƴan Nijar ba, amma tsawon rai da bai kai shekara 40 ba a 1960 ya haura 60, kuma yawan tsofaffi yana ƙaruwa tare da yawan jama'a.

8. Kammalawa

Tarihin da muka bi ya nuna cewa duk lokacin da aka tara tsofaffi da yawa a wuri mai nisa, aka damƙa ƙofa ga wani, zumunci ya yanke, ko da ginin sabo ne. Inda aka samu sauƙi, gidan ƙarami ne, yana cikin gari, kuma akwai abin da ke kawo yaro da baligi ciki domin bukatar kansu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. In har za a yi wa tsofaffin da ba su da kowa gida a garuruwanmu, bai kamata a nemi fili bayan gari ba. Ƴan ɗakuna a cikin unguwa, jikin masallaci ko makaranta, da zaure mai kallon hanya, sun fi kusa da abin da Faransa ta komo gare shi bayan doguwar hanya. Kafin nan, akwai aikin da ke jiran ɗalibanmu na tarihi da na labarin ƙasa: a bi unguwannin da aka yanka daga 1945 zuwa yau gida gida, a ƙirga inda zaure ya saura, a kuma tambaya inda tsofaffin gidan suke yini.