Akwatin da ya maye mana gurbin dandali

'Yan uwa mazauna Kontagora. Jiya bayan isha'i na leƙa falo na tarar da yarana sun zuba wa talabijin ido, sallamata ma babu wanda ya amsa. Har na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tuna ni ma haka na taso.

Mahaifina daga Maraɗi ya zo garin nan bayan farin 1973, ya kama sana'ar hatsi. Garin da Umaru Nagwamatse ya kafa ya karɓe mu hannu biyu, amma baƙo baƙo ne. Kakanninmu masu yi mana tatsuniya suna can ƙetaren iyaka, dandalin da iyayenmu suka sani kuma ba su taho da shi ba.

Ita kanta talabijin ba ta daɗe da zuwa ƙasar ba. A Ibadan aka fara a 1959, Kaduna ta samu tata a 1962, sannan a 1977 gwamnatin soja ta haɗe tashoshin ƙarƙashin NTA. A layinmu gida ɗaya ne ke da akwatin, mai hoto baƙi da fari, da eriya a kan dogon gora. Da an kawo wuta sai mu cika tsakar gidan, yara a tabarma, manya a benci. Idan Samanja ya fito yana kwaɓa Hausar barikin soja, ko Ƙasimu Yero ya fara nasa barkwancin, har tsofaffi sai sun share hawaye don dariya. Mahaifina, wanda ba ya son zaman banza, yakan tsaya a bakin ƙofa wai ya zo kiranmu, kuma ba zai tafi ba sai an gama.

A nan na gane dalilin. Wurin haɗuwa muka rasa, akwatin ya ba mu. Bakatsine da Basakkwace da mutumin Maraɗi suka samu abin hira guda washegari a kasuwa.

Daga baya abin ya ƙaru. Fim ɗin Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, kaset ya shiga ɗakunan mata masu yini a gida. Gidajen kallon ƙwallo suka ɗauke samari, Arewa24 ta zo a 2014 da Hausa dare da rana. A da tasha ce ke rufewa ta sallame mu, yanzu babu mai sallamar kowa.

Abin da ke damuna shi ne, da muna kallo tare, yau kowa da nasa allon a tafin hannu. Yarana sun san 'yan wasan Daɗin Kowa ɗaya bayan ɗaya, amma ba su san sunan ƙauyen kakansu ba. Laifina ne, ban taɓa zaunar da su na faɗa musu ba. Daren yau in sha Allahu zan kashe akwatin in fara da labarin hanyar Maraɗi. Allah ya sa mu dace.