Samar da gwaji kai tsaye ga jadawalin lissafi

Samar da gwaji kai tsaye ga jadawalin lissafi wata dabara ce a kimiyyar kwamfuta, inda manhaja ke zaɓo lambobin da za a zuba a jadawali irin na Excel ko Google Sheets domin a gano ko fomulolinsa na ba da amsa daidai. Yawancin masu haɗa irin wannan jadawali malamai ne da akawu da 'yan kasuwa, ba ƙwararrun masu rubuta manhaja ba, shi ya sa kuskure kan daɗe a ɓoye.

Tarihi

A shekarar 1998 Gregg Rothermel da Margaret Burnett da abokan aikinsu a Jami'ar Jihar Oregon ta Amurka suka gabatar da tsarin WYSIWYT. A tsarin, gefen kowane akwati mai fomula yana sauya launi daga ja zuwa shuɗi gwargwadon yadda aka gwada shi. A 2002 Marc Fisher da sauran masu binciken suka ƙara masa wani sashe mai suna Help Me Test, wanda ke nemo lambobin gwajin da kansa. A 2006 Robin Abraham da Martin Erwig suka fito da AutoTest.

Yadda yake aiki

Manhajar tana bin alaƙar akwatin da ke samar da lamba da akwatin da ke amfani da ita, sannan ta nemi lambobin da za su bi ta hanyar da ba a taɓa gwadawa ba. Tana iya zaɓensu barkatai, ko ta riƙa gyara su kaɗan-kaɗan har ta dace.

Misali, a jadawalin sakamakon jarrabawa inda maki 40 ne iyakar ci, idan an gwada 70 kaɗai, ɓangaren fomular da ke nuna faɗuwa bai gwadu ba. Sai manhajar ta kawo maki ƙasa da 40. Amma mutum ne zai duba amsar ya tabbatar ko daidai ce, domin kwamfuta ba ta san manufar mai jadawalin ba.

Muhimmanci

A 2013 wani ɗalibi, Thomas Herndon, ya gano cewa fomula a binciken Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff na 2010 kan bashin ƙasashe ta tsallake ƙasashe biyar. Kafin nan, 'yan siyasa sun riga sun kafa hujja da binciken wajen tsuke bakin aljihun gwamnati.