Karatun Gyaran Magana: Sharuɗɗan Shiga Aikin a Amurka

Masanin gyaran magana shi ne jami'in da ke kula da masu i'ina, da yaran da bakinsu bai buɗe da wuri ba, da waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta hana su magana ko haɗiya.

A Amurka, digiri na farko bai wadatar ba. Wajibi ne ɗalibi ya yi digiri na biyu, ya cika sa'o'i 400 na horo kan duba masu lalura, ya kuma ci jarrabawar Praxis. Daga nan zai yi aƙalla makonni 36 ƙarƙashin ƙwararre kafin ƙungiyar ASHA ta ba shi shaidar ƙwarewa. Lasisin aiki kuwa, kowace jiha da nata.

A Najeriya, hukumar MRTB ce ke yi wa masu wannan aiki rajista.