Lugu: tarihi da yanayin ƙauyen Sarauniya

Lugu, wanda ake rubutawa Lougou a takardun gwamnati, ƙaramin ƙauye ne a ƙaramar hukumar Dankasari, cikin gundumar Dogondutsi ta jihar Doso. Yana arewa maso gabas da garin Dogondutsi, wanda ke da nisan kusan kilomita 270 daga Yamai a kan babbar hanyar da ta nufi Maraɗi da Damagaram. Kwalta ba ta kai ƙauyen ba, sai an ratse an bi hanyar yashi. Duk da ƙanƙantarsa, kusan kowane ɗan makaranta a Nijar ya taɓa jin sunansa, saboda nan ne mazaunin Sarauniya.

Yanayin ƙasa

Ƙauyen yana cikin ƙasar Arewa, a yankin Dallol Mawri. Dallol tsohon kwari ne na kogin da ya ƙafe tun zamanin da, wanda ya gangaro daga arewa ya nufi kogin Kwara ta wajen Gaya. A cikin kwarin ruwan ƙasa ba shi da nisa, amma a kan tudu, inda dutse ya rufe ƙasa, sai an yi haƙa mai zurfi kafin a tarar da shi. Wannan ne ya sa tsofaffin garuruwan Arewa, irin su Matankari da Bagaji da Dogondutsi, suka jeru a cikin kwarin ko a gefensa.

Damina takan faɗi daga Yuni zuwa Satumba. Gero da wake su ne manyan abin nomawa, tare da gyaɗa da kiwon awaki da tumaki. Da rani samari da dama kan tafi cin rani biranen Nijar ko Najeriya, wadda iyakarta ba ta da nisa. A kusa da ƙauyen akwai tuddai da kurmin da mutanen wurin ke girmamawa, ba a saran itacensa.

Asalin ƙauyen

Tarihin baka ya ce wata mace mai suna 'Yar Ƙasa ce ta kafa Lugu bayan ta yi hijira daga Daura, kuma wani dutse da ake kira Tunguma ne ya nuna mata inda za ta zauna. Zuriyar waɗannan mazauna na farko su ne Gubawa. Daga baya ne, in ji masu ba da tarihi, jikokin wani basarake daga Barno suka kafa sarautar Arewa. Sai aka raba aiki: sarakuna suka riƙe mulki da yaƙi, Gubawa kuma suka riƙe al'amuran ƙasa, wato roƙon ruwa, buɗe daji da tsafin shuka. Sarauniya a Lugu da Baura a Bagaji su ne manyan wannan ɓangare na biyu. Masani ɗan Faransa Marc-Henri Piault ya yi bayanin wannan rabo a littafinsa kan tarihin Mawri na 1970.

Saboda haka Sarauniya sunan muƙami ne, ba na mace ɗaya ba. Mai riƙe da shi takan zauna a keɓe cikin bukkarta, tana kaɗin auduga, mutane na zuwa neman shawara da albarka. Idan ta rasu, akan yi abin da ake kira tarkama: a ɗauki gawarta a makara a zaga da ita, a bisa imanin cewa ita ce za ta nuna magajiyarta. Shi kuwa Tunguma, wurinsa ake kai ƙarar sata ko rikicin gona domin a gano mai gaskiya.

Yaƙin 1899

A farkon 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin kyaftin Voulet da Chanoine ta taso daga bakin Kwara da niyyar isa tafkin Chadi. Ta riƙa ƙona garuruwa tana kashe jama'a a hanya. Yawancin sarakunan yankin sun kauce mata ko sun miƙa wuya, amma Aznan Lugu, a zamanin Sarauniya Mangu, suka tsaya. Ranar 16 ga Afrilu 1899 aka gwabza, masu kwari da baka suna fuskantar bindigogi. Da wuta ta yi yawa sai mutanen suka shige kurmi, inda sojojin suka sha wahalar bin su. Bayanan Faransawa sun nuna an kashe musu mutum 4, an raunata 6. An ƙona ƙauyen, amma ba a kama Sarauniya ba.

Rundunar ta wuce ta yi mummunan kisa a Birnin Ƙonni cikin watan Mayu. Ranar 14 ga Yuli, Voulet ya sa aka harbe kanal Klobb, wanda Faris ta aiko ya karɓe jagoranci, kuma cikin kwanaki kaɗan sojojinsu suka kashe shi da Chanoine a yankin Maijirgi, kusa da Tasawa. A Arewa, mutane da yawa sun ɗauki wannan ƙarshe a matsayin alhakin Lugu.

Suna a birni, ƙauye a daji

Labarin ya daɗe a bakin mutanen Arewa kawai, har sai da marubuci Abdoulaye Mamani ya wallafa littafinsa Sarraounia a 1980. A 1986 Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mayar da shi fim, wanda ya lashe babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Littafin da fim ɗin sun nuna ta a matsayin jaruma mai jagorantar mayaƙa, alhali tarihin baka ya fi ba da ƙarfi ga matsayinta na uwar tsafi. A yau akwai gidan rediyo da talabijin mai sunanta a Yamai, kuma hukumomin soja da suka karɓi mulki a 2023 sun ƙirƙiro lambar yabo da sunan Sarauniya Mangu.

Ƙauyen kansa bai sami rabon wannan ɗaukaka ba. Jama'arsa sun watsu bayan yaƙin, fari da neman abinci suka kwashe wasu, kuma da Musulunci ya game ƙasar Arewa masu bin al'adun Azna sun ragu ƙwarai. A 2006 Nijar ta saka Lugu cikin jerin wuraren da take son UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Sai dai abin da ke Lugu ba gini ba ne da za a gyara da siminti. Kurmi ne, da dutse, da abin da tsofaffi suka sani, kuma duk tsohon da ya rasu ba a naɗi maganarsa ba, ya tafi da wani ɓangare na tarihin Arewa.